Neman shawara: shin ƙwayoyin narkar da abinci suna sangarta bankiriyas?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina yana zaune a Makka, kuma likita ya tabbatar masa da daɗaɗɗen kumburin bankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai zubo sinadaran narkar da abinci cikin hanji), bayan ya rame sosai, bayan gidansa kuma ya zama mai maiƙo, yana tasowa saman ruwa. An rubuta masa ƙwayoyin da zai riƙa sha tare da kowane abinci, amma wani maƙwabcinsa ya ce masa idan jiki ya saba da su, bankiriyas zai sangarce ya daina aiki gaba ɗaya. Yanzu sai ya ga dama yake sha, wani lokaci ma sai bayan ya wanke hannu. Me zan faɗa masa?

Amsar wani likita mazaunin Jidda:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar maƙwabcin tana da tushe, amma ya yi mata mummunar fahimta. Bankiriyas yana zubo mafi yawan sinadaransa ne idan ya samu saƙo daga farkon ƙaramin hanji. Idan abinci mai tsami ya gangaro daga ciki, hanjin yana sakin sinadarin sikiritin cikin jini, wanda masana Bayliss da Starling suka gano a Landan a 1902, shi kuma ya sa bankiriyas ya zubo ruwa mai kashe tsami. Idan kitse da furotin ne suka iso, sai a saki kolesistokinin, wanda ke sa a zubo sinadaran narkarwa, matsarmama ma ta matso ruwanta.

Birkin yana hannun tirifsin, sinadarin da ke narkar da furotin. Muddin akwai nama a hanji, tirifsin yana shagaltuwa da shi. Da zarar naman ya ƙare, sai ya juya kan ƙananan sinadaran da ke tayar da kolesistokinin ya narkar da su, saƙon ya ragu, bankiriyas ya sarara. Ƙwayoyin Baba ma sinadaran narkarwa ne, shi ya sa maƙwabcin yake tsoron za su taka wannan birki, amma sararawar tana faruwa bayan kowane cin abinci a jikin mai lafiya, kuma ba ta lalata komai. Cutar ce ta raunana bankiriyas ɗin Baba, domin maiƙo ba ya bayyana a bayan gida sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikinsa ya tafi. Abin da ke damuna shi ne shan maganin bayan an gama ci, domin ƙwayar da ba ta gauraya da abinci ba amfaninta kaɗan ne.

Amsar wata 'yar'uwa daga Madina:

Yaya, mahaifiyata ma tana shan irinsu. Muna ajiye kwalbar kusa da farantinta, ta haɗiye da lomar farko, ba ta taunawa, ba ta korawa da shayi mai zafi. Ranar da aka dafa kabsa ko mandi (shinkafa da nama irin na Larabawa) mai kitse, likitanta ya nuna mata yadda za ta ƙara a tsakiyar ci. Ku raka Baba ya tambayi nasa likitan wannan, da kuma yadda zai yi da sahur da buɗa-baki kafin azumi ya kama.