Neman shawara: na yi wa ɗana alkawarin zuwa Gimli a keke daga Winnipeg, maman yara ta ce ba da yawunta ba

Baban Abba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya hana ni barci. Muna zaune a kudancin birnin Winnipeg da ke lardin Manitoba a Kanada, wajen titin Pembina. Aikin dare nake yi a wani sito na kaya, in na dawo da safe yara na shirin makaranta, in sun dawo ni kuma ina shirin fita. Babban ɗana shekararsa 13, kuma tun sanyin bara na lura yaron ya shige ɗaki, daga waya sai wasan kwamfuta. In ka yi masa magana da Hausa sai ya amsa da kalma ɗaya ta Turanci ya sunkuyar da kai. Ba rashin kunya ba ne, Allah ya sani yaro ne mai ladabi, amma gida ɗaya muke, kullum sai ƙara nisa muke da juna. Ga shi kuma likita ya ce sukarina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki. Sai na ce bari in haɗa biyun, na sayo mana keke biyu na hannu a Facebook.

Wallahi tun da muka fara fita yaron ya canza. Mukan je The Forks inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, wani lokaci mu wuce har Assiniboine Park. A kan keke yake ba ni labarin makaranta da abokansa, abin da bai taɓa yi a falo ba. Rannan muna hutawa yake ce mini 'yan ajinsu duk suna zuwa garin Gimli, can arewa da mu, da iyayensu a mota, su yi wanka a tafkin Winnipeg, su ɗauki hoto da gunkin Viking ɗin nan. Na ce masa mu a keke za mu je. Da kun ga yadda ya ɗago ya dube ni.

Shirina shi ne mu tashi bayan asuba ranar Asabar ta ƙarshen Agusta, kafin a koma makaranta, mu bi ta Lockport mu hau babbar hanya ta 9 har Gimli, mu kwana, mu dawo Lahadi. Garin nan da kewayensa shimfiɗe suke kamar faifai, ba hawa ba gangara. Amma maman yara ta ce sam, har ta kira yayanta a gida ya yi mini magana, yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Tambayata: hanya ta 9 ta fi ko ta 8? Akwai wanda ya taɓa yi? Kuma ta yaya zan shawo kanta?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Baban Abba, ka ba mu labarin sito da likita da surukinka, amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Wane irin keke ne, taya siririya ko mai kauri? Mafi nisan da yaron ya taɓa yi a yini ɗaya kilomita nawa ne? Daga tsakiyar gari zuwa Gimli ya kai kilomita 90, ku kuma kuna kudu, ka ƙara abin da za ku ci kafin ku ratsa garin. Ka tashi sama da 100 a rana, kwana biyu a jere, ga ɗan shekara 13.

Maganar shimfiɗar ƙasa kuma ita ke yaudarar duk sabon mai keke a nan. Wurin nan ƙasan wani tsohon tafki ne da ake kira Agassiz, shi ya sa ya kwanta haka. Inda babu hawa, ai babu gangarar da za ka saki feda ka huta, ƙafarka na juyawa daga farko har ƙarshe, kuma zama ɗaya kake a kan sirdi. Sannan iska. Kana fita bayan Perimeter, babban titin da ya zagaye garin, babu gini babu dutse, gonakin kanola da alkama ne iya ganinka. In iskar kudu ta tura ku Asabar, za ku isa kuna murna. Lahadi ita ce za ta tare ku a fuska tun daga Gimli har gida, tafiyar awa biyar ta koma takwas.

Ga abin da za ku yi. Ku bi Northeast Pioneers Greenway da ke tsakanin titin Gateway da Raleigh, hanyar masu keke da masu ƙafa ce zalla, ba mota. Ku fita ta ƙauyen Birds Hill ku hau hanyar da ke bin gefen Floodway, wato magudanar da aka haƙa daga 1962 zuwa 1968 don kare garin bayan ambaliyar 1950. Akwai gadar masu ƙafa da keke a kan babbar hanya ta 59 da ke shigar da mutum Birds Hill Provincial Park. Wurin kilomita 24 ne kawai daga gari, akwai tafkin wanka, akwai wurin kafa tanti. Ku kwana ku dawo. Wannan ce tafiyar farko, Gimli sai baɗi.

Baban Abba:
Na gode Injiniya. Birds Hill ai makarantarsu ta taɓa kai su a bas, ba zai ji ya yi wani abu ba. Gimli na ce masa. Kuma yaron yana da ƙarfi, shi ke barina a baya kullum.

Mai Tirela:
Ɗan'uwa, ni babbar mota nake ja a lardin nan, bari in gaya maka abin da nake gani daga sama. Hanya ta 8 miƙaƙƙiya ce, kilomita 100 a awa ake gudu, kuma wa ya tsaya a 100? In na wuce mai keke, iskar motata kaɗai tana jijjiga shi, ina kallonsa a madubi yana tangaɗi. Ƙarshen mako a watan Agusta duk garin tafki yake nufa, motoci na jan jiragen ruwa da tirelar kwana, rabinsu ba su san faɗin abin da suke ja ba. Lahadi da yamma kuma kowa na sauri ya koma gida. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu keken da ke fita da duhu-duhu da baƙaƙen kaya ba fitila. Sati biyu da suka wuce saura ƙiris wani ya jawo mini bala'i, na taka birki har kayan da na ɗauko suka goce, kamfani kuma ni ya tuhuma. In abu ya faru direba ake kamawa, ba mai tambayar wa ya shigo gabansa. Kada ka kai yaro kan 8 ko 9.

Ɗan Damagaram:
Haba jama'a, kun cika tsoratar da mutum. Ina ƙasa da shekarun yaron nan nake ɗauko buhun gero a kariyar keke daga ƙauyenmu zuwa kasuwa, cikin rairayi da rana, ba giya ba hular kwano. Yaranmu na nan mun mayar da su ragwaye da hannunmu, komai sai a ce haɗari. Uba ya yi alkawari, ku bar shi ya cika. Baban Abba, ka bi River Road daga arewacin gari, gefen kogi take bi, motoci kaɗan ne. Za ku wuce tsohuwar cocin dutse ta St. Andrews, ku tsaya a madatsar Lockport yaro ya ga kwasakwasa farare tsaye a ruwa suna jiran kifi, da masu kamun tarwada. Gaba kaɗan ga Lower Fort Garry inda aka sa hannu a yarjejeniya ta ɗaya tsakanin gwamnati da 'yan asalin ƙasar a 1871. Ka ga ya sami tarihi ya sami ƙarfin jiki. Bisimilla kawai.

Injiniya:
Ɗan Damagaram, River Road tana da kyau, ban musa ba, amma ƙarewa take yi. Bayan Selkirk, wajen kilomita 35 daga gari, me za su bi? Dole su koma kan 9 ta Clandeboye da Petersfield har Winnipeg Beach, kuma nan ne mafi tsawon tafiyar, lokacin rana ta take, yaro ya riga ya gaji. Hular kwano kuma ba zaɓi ba ce, tun 2013 doka ce a Manitoba ga duk wanda bai kai 18 ba. In dai River Road ce, to su tsaya a Selkirk su juyo ta Henderson a ɗaya gefen kogin. Ni na san hanyoyin nan, abin da na faɗa shi ne daidai.

Maman Hanifa:
Ni dai tambaya ɗaya gare ni, Baban Abba. Kafin ka yi wa yaron alkawari ka shawarci uwarsa? Don wannan ita ce matsalarmu da ku. Sai kun gama yanke magana sannan a zo a ce ta yaya za a shawo kanmu. Maigidana haka ya je ya kwaso kekuna uku masu tsada bara ba tare da ya ce mini uffan ba, ana cikin kukan kuɗin haya. Ba a yi wata guda ba aka yanke makullin biyu a bayan gidanmu da rana tsaka aka tafi da su, muka kai rahoto, shiru har yau. Na ukun yana ɗakin ajiya ya yi ƙura. Ita baiwar Allah nan ba ta da kowa a ƙasar nan sai kai da yaran, ka ɗauki babban ɗanta ka hau titin manyan motoci, ga sukari, ga aikin dare, ka ce ta kwantar da hankali? In jiri ya ɗebe ka a tsakiyar gona, yaro ɗan 13 zai yi yaya da kai?

Baban Abba:
Hajiya, ina girmama maganarki, amma ba a san gidan wani daga waje ba. Ita ce ta fi kowa damuwa da zaman ɗakin yaron, ita ta ce in yi wani abu. Na yi, yanzu kuma an ce na yi yawa. Sukarin kuma bai kai inda kike zato ba, ko magani ba a ɗora ni a kai ba. Na riga na ɗauki hutun Juma'a don in yi barci sosai.

Malam na Saskatoon:
Allah ya daidaita tsakaninku. Abu biyu zan ƙara. In kun tafi Gimli tafiyar ta kai ta kasaru, tunda ta haura mil 48, amma Birds Hill ba ta kai ba, sai ku cika sallarku. Na biyu, ku yi guzuri daga gida, dabino da ƙwai da gurasa. Wuraren cin abincin Lockport da tsiran Turawa suka yi suna, ba ka san da naman me aka yi ba. A Gimli dai akwai kifi. Mu nan Saskatoon muna da Meewasin, hanyar keke da ƙafa a bakin kogi, ni da yarana ba ma wuce ta, kuma ban ga abin da suka rasa ba. Ku kula da kaska in za ku zauna cikin ciyawa.

Injiniya:
Malam, kaskar da aka fi gani a Mayu da Yuni take yawa, ƙarshen Agusta ta ragu. Abin dubawa shi ne hayaƙi da hadari. Kowa ya ga yadda hayaƙin gobarar dajin arewacin Manitoba ya rufe garin nan a 2025, ranar da ya sauko ba a fita da yaro ko zuwa Birds Hill ne. Hadarin yamma kuma a filin nan ba wurin fakewa, kai ne abu mafi tsawo a wurin. Baban Abba, har yanzu ba ka amsa ni ba. Kilomita nawa yaron ya taɓa yi? Ka iya cire taya ka sa sabon tub a gefen hanya? Nan ba mai faci a gindin bishiya. Kuna da famfo, da kariya, ko a baya za ku goya kaya? Ka fara yin Lockport ka dawo a yini ɗaya, in yaron ya tashi washegari ya ce a sake, sai mu yi maganar Gimli.

Mai Tirela:
Ko ya iya faci ɗari, motar da ke bayansa fa?

Baban Abba:
Ba na auna kilomita, fita kawai muke yi mu dawo. Faci kuma na iya tun ina yaro. Na ji duk abin da kuka ce, amma ba wanda ya gane cewa in na canza wurin nan yaron zai ɗauka maganata ba ta da nauyi, ya koma ɗakinsa. Na riga na kama mana ɗaki a Gimli na daren Asabar. Abin da nake tunani yanzu, ko mu je a keke, wani ya ɗauko mu da mota ranar Lahadi, tunda dawowar ce Injiniya ya fi jin tsoro. Maman yara ba ta tuƙi a babbar hanya. Akwai mai motar da za ta ɗauki keke biyu? Zan sa mai.

Ɗan Damagaram:
Da na yi maka, amma ina aiki Lahadin nan. Ka tambayi mutane a masallacin Waverley bayan Juma'a.

Maman Hanifa:
Ka kama ɗaki, ita ta sani?

Injiniya:
Zuwan ma ban yarda da shi ba. Turo mana hoton kekunan tukuna, in ga tayoyin.