Aztec ɗin 1974, in saya ko in haƙura?

Bazazzagi a Texas: Assalamu alaikum. Wani dattijo Bature a filin da nake tashi zai sayar da ƙaramin jirginsa Piper Aztec mai inji biyu, ƙirar 1974, dala dubu 85. Injin dama awa 600 bayan garambawul, na hagu 1,750. Mu uku za mu haɗa kuɗi mu tara awowin tuƙi a nan Amurka sannan mu sayar, ba gida zai zo ba. Na hagun ne ke hana ni barci tunda awa 2,000 Lycoming, kamfanin da ya ƙera injin, suka ɗibar masa kafin a sake garambawul. Wanda ya taɓa saye don Allah ya ce wani abu.

Baban Ilham: Wslm. Ina za ka samu avgas, man da irin wannan jirgin ke sha, a Kano? kar ka soma

Bazazzagi a Texas: Yallaɓai na ce fa ba gida zai zo ba.

Tsohon Kyaftin: Ƙanina zauna ka ji. Ni da abokina muka sayi Cessna 310 a Afirka ta Kudu, fenti sai ƙyalli, kujeru sababbi, muka yi wautar barin makanikin mai jirgin ya duba mana saboda muna ƙyashin kuɗin kawo namu. Da lokacin duban shekara ya zo aka buɗe fiffike sai ga tsatsa ta ci ƙarfen ciki, ashe ya daɗe a ajiye a bakin teku iskar gishiri na dukansa, littafin gyaransa ma akwai shekara uku da babu ko layi ɗaya, mu ba mu ƙirga shafi ba. Wata 14 yana kwance muna biyan kuɗin rumfa, ƙarshe gunduwa-gunduwa muka sayar. Abokin nan yau ko a jana'iza muka haɗu gaisuwa ce kawai. Kuɗin bai dame ni kamar wannan ba.

Ummu Sultan: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri Kyaftin. Shi mai jirgin ba ku kai shi ƙara ba?

Tsohon Kyaftin: Da wane baki 'yata, mun sa hannu mun karɓa a yadda yake.

Sarkin Yawo: 85 ai araha ce, na ga irinsa an sa 140.

Baban Ilham: Wace araha, abokina 60 ya sayi nasa

Mai Sifana: Farashin saye ba shi ne magana ba. Garambawul ɗin injin nan ɗaya ka ware dubu 40 ko fi, ga shi yana shan galan 26 zuwa 28 a awa. Ka kawo makanikinka ya auna matsin kowace silinda, ya yanka filtar mai ya duba ko da ɓurɓushin ƙarfe.

Sarkin Yawo: Dubu 25 aka yi wa wani wallahi.

Mai Sifana: Wace shekara? Kai da kake tuƙa Boeing yaushe rabonka da injin fistan

Sarkin Yawo: Kai kuma ka taɓa tashi da shi ko a ƙasa kake kwance noti? Awa 6,000 gare ni malam.

Na Kwari: Jirgi ɗan Kwatano kenan 😂 mota in ta mutu a tura, wannan fa wa zai sauko ya tura?

Ummu Sultan: Ni maganar avgas ce ta taɓa ni. Makarantar da na yi kwas ɗin wata 18 sai da ya ci mana shekara uku, yau babu mai gobe jirgi na gyara, kuma kuɗinmu sun karɓa cif. Shi ya sa ake komawa jirgin Diamond DA42 mai shan Jet A-1, man da manyan jirage ke sha.

Baban Ilham: Ka gama kuma kamfani ya ce sai ka biya horon jirginsu da aljihunka. Ƙanina lasisinsa na cikin durowa, waya yake sayarwa.

Bazazzagi a Texas: Jama'a injin hagun fa? Juma'a dattijon yake jiran amsa.

Na Kwari: Baban Ilham a wace kasuwa yake, ina neman Tecno