Neman kalmar Hausa: me za mu kira "recast"? Rigimar James Bond ce ta jawo

Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Tun da ɗan wasa Daniel Craig ya ajiye fitowa a matsayin James Bond, ɗan leƙen asirin Birtaniya na cikin finafinai, a 2021, masoyan fim ɗin suke ta kai ruwa rana kan wanda zai ɗauka, kuma duk wanda ya zo ba da labarin da Hausa a wuri ɗaya yake tuntuɓe: kalmar da Turawa ke cewa recast. Wannan ya rubuta "an canza jarumi", wancan ya ce "an maye gurbinsa", wani kuma ya bar ta da Turancinta ya wuce. Ya kamata mu tsayar da magana ɗaya.

Abin da kalmar ke nufi shi ne: mutumin da ke cikin labarin yana nan daram, da sunansa da tarihinsa da halinsa, wanda yake fitowa a matsayinsa ne aka ɗauke aka sa wani. Daga 1962 zuwa 2021 kamfanin Eon ya yi finafinan Bond 25, mutum shida suka fito a matsayinsa. Sean Connery ya fara, George Lazenby ya yi guda ɗaya tak a 1969, aka sake lallaɓo Connery a 1971, sannan Roger Moore ya riƙe har fim bakwai. Timothy Dalton ya yi biyu, Pierce Brosnan huɗu, Craig biyar.

Ga abin da nake so a duba da kyau kafin a kawo kalma. A fim ɗin 1969 Bond ya yi aure, aka harbe amaryar a cikin mota ranar bikin, Lazenby ne ya rungume gawar. A 1981 fim ya buɗe da Bond a maƙabarta, riƙe da furanni, yana tsaye gaban kabarin da aka rubuta sunan Teresa Bond da shekarar 1969. Wanda ke tsaye a wurin Roger Moore ne. Bai taɓa yin wasan auren ba, amma babu mai kallon da ya ce ai ba matarsa ba ce. Kalmar da muke nema dole ta iya ɗaukar wannan: mijin dai shi ne, wanda muke gani ne ya sauya.

To, "canza jarumi" ta faɗi tun a nan. A bakin 'yan Kannywood da masu kallonsu, jarumi yana nufin ɗan wasan, yana kuma nufin gwarzon da ke cikin labarin. Idan ka ce an canza jarumin fim, mai sauraro zai iya fahimtar cewa an kashe Bond an kawo wani ɗan leƙen asirin daban. A hira ta fatar baki tana wucewa, domin kowa ya san inda aka dosa. A rubutu kuwa tana yaudara.

"Maye gurbi" ita ce mafi yawan mutane suka fi so, kuma na san dalili: Hausa ce tsantsa, kullum muna jin ta a labarai. Matsalarta gurbi ake mayewa, wato kujera ko muƙami, kuma wanda ya maye wani mutum ne daban. Finafinan Bond ɗin kansu sun ba mu misali. Shugaban hukumar da Bond ke yi wa aiki ana ce masa M. Judi Dench ta fito a matsayin M tun 1995. A 2012 M ɗinta ta mutu a cikin labarin, wani jami'i mai suna Gareth Mallory, wanda Ralph Fiennes ya fito a matsayinsa, ya hau kujerar. Wannan shi ne maye gurbi, kamar a naɗa sabon Galadima bayan rasuwar na da: sarautar ɗaya ce, amma ba wanda zai ce masa ya tuna abin da marigayin ya yi a ƙuruciyarsa. Haka kuma a fim ɗin 2021, Bond ya yi ritaya, aka ba wata jami'a mai suna Nomi lambarsa ta 007. Lashana Lynch ce ta fito a matsayinta. Da labarin ya fara fita, wasu suka yi ta tayar da jijiyar wuya wai an mai da James Bond mace baƙar fata. Alhali lambar kawai aka ba ta, Bond yana can yana hutawa a Jamaika. Rabin wannan rigimar rashin bambance abu biyu ne, kuma idan muka haɗa su a kalma ɗaya da Hausa mun shigo da ruɗanin gida da hannunmu.

"Magaji" ma haka. Za ka iya cewa wane ne magajin Craig, ba laifi, tunda maganar 'yan wasa ce. Amma magajin Bond wani ne, ba Bond ba. Wani kuma zai ce ai muna cewa "taka rawa", me zai hana a ce "sauyin mai rawa". Malam, idan ka rubuta haka sai a zaci biki ake yi.

Abin da nake ba da shawara shi ne sauyin fuska. A cikin jimla kuma: an sauya wa wane fuska.

A lura da wanda ake sauya wa. Ba Craig ake sauya wa fuska ba, Bond ake sauya wa. "A 1973 aka sauya wa Bond fuska, Roger Moore ya karɓa." Jimlar da kanta ta nuna cewa mai fuskar yana nan. Kuma ba daga sama kalmar ta faɗo ba, da ma a harkar fim muna cewa "sabuwar fuska" ga ɗan wasan da ya shigo, muna cewa fim ɗin duk sabbin fuskoki ne. Mu ma abin ya same mu a gida. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, ba a kashe Sumayya ba, Fati Washa ce ta ci gaba da fitowa a matsayinta. Masu kallo sun yi ta surutu, wasu suka ce ba su karɓa ba, daidai yadda masoyan Bond ke yi. Da Hausa mai sauƙi: an sauya wa Sumayya fuska.

Na san abin da za a ce. "Ya sauya fuska" yana nufin ya ɗaure, ya ɓata rai. Gaskiya ne, amma wannan shi ya sauya tasa da kansa. Tamu kuwa "an sauya masa" ce, kuma kunnen Bahaushe ba ya haɗa biyun. Zancen tiyata ya fi ƙarfi a matsayin suka, domin likita ma yana sauya wa mutum fuska. Sai dai a shafin fim ba wanda zai tafi asibiti da tunaninsa, mahallin magana ya isa. Wani amfaninta kuma tana haihuwa: a zanen katun, ko a fassarar finafinan Indiya, inda murya ce kawai ta canza, sai mu ce sauyin murya.

Ita kanta rigimar ba sabuwa ba ce. Da aka sanar da Craig a Oktoban 2005, aka yi masa ca: gashinsa ruwan zinare ne, gajere ne, ba shi da kyan da aka saba. Har shafin intanet aka buɗe don a ƙaurace wa fim ɗin. Da ya fito a 2006 mafi yawan masu ihun suka yi tsit. Shekaru kuma an yi su ana ambaton Idris Elba, haifaffen Landan, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Gana. Barbara Broccoli, wadda ta daɗe tana riƙe da ragamar finafinan, ta faɗa a 2020 cewa Bond zai iya zama kowane launi amma namiji ne. Elba da kansa daga baya ya nuna maganar ta fita masa a rai da aka mai da ita ta launin fata. Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Connery ɗan Sikotlan ya yi, Lazenby ɗan Ostireliya ya yi, Brosnan ɗan Ayalan ya yi. Moore ma da aka kawo a matsayin sabo ya girmi Connery da shekara uku, kuma yana da 57 lokacin da fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1985.

Akwai masu cewa James Bond laƙabi ne da hukumar ke bai wa jami'ai bi da bi. Da haka ne, da "maye gurbi" ta ci. Amma kabarin matar nan ya rushe wannan, kuma a 2012 an nuna kabarin iyayensa da sunan Bond a jiki.

Saura ƙulli ɗaya. Bond ɗin Craig ya mutu a ƙarshen fim ɗin 2021. A Fabrairun 2025 Broccoli da ɗan uwanta Michael G. Wilson suka miƙa wa kamfanin Amazon MGM ikon tsara finafinan, a Yunin shekarar aka sanar da Denis Villeneuve ɗan Kanada a matsayin darakta. Duk wanda zai fito bayan wannan mutuwar, fuska kaɗai ba za ta isa ba, sai an ɗauko labarin daga tushe. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira reboot, kuma "sabon zubi" ta wadatar da mu. An taɓa haɗa biyun a 2006: aka sauya wa Bond fuska, aka kuma yi sabon zubi, ya dawo sabon jami'in da yanzu ya samu lambarsa. Abin mamaki, a fim ɗin aka bar Judi Dench a kujerarta ta M, tsohuwar fuska a sabon zubi. Wannan kam ko Turawan ba su damu da raɗa masa suna ba, mu ma a bar shi haka. 'Yan uwa na Nijar da Gana, idan akwai abin da kuke cewa a wajenku wanda ya fi "sauyin fuska" zama a baki, ku ajiye mana a ƙasa.