Neman kalmar Hausa: “oil pressure” da “idle” a injin mota mai amfani da man gas (dizal)

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Malamai da iyayen gidanmu na gareji, ana rubuta jagorar koyon kanikanci da Hausa, an zo kan awon da ake yi wa baƙin mai lokacin da inji ke aiki mota na tsaye. Kalma biyu ake nema, ta “oil pressure” da ta “idle”. Shawarwarin da aka kawo su ne ƙarfin mai, hawan mai, turin mai da matsin mai. Wanne ya dace?

Bakanike, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Ta biyun ba ta da wahala, silo muke cewa. Direba ya ɗauke ƙafa daga totur, giya na firi, inji na juyawa da kansa wajen zagaye 700 zuwa 900 a minti ɗaya, to yana silo. Duk yaron gareji ya san ta, a bar ta haka.

Ta farkon kuma, don Allah a cire ƙarfin mai. A bakin direbobi, mai mai ƙarfi shi ne mai kauri ko mai kyau. Ka ce wa mutum ƙarfin mansa ya ragu, zai je ya sayo mai kauri irin SAE 50 ya ɗura, jar fitilar mai ta dashbod ta mutu, ya ɗauka ya yi gyara, alhali metal ɗinsa, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, na can yana cinyewa.

Malamin koyar da kanikanci:
Oga ya yi gaskiya. Hawan mai ma ba zai yi ba, domin mai karatu zai ɗauka ana nufin inda mai ya kai a jikin sandar geji. Wannan ruɗanin shi ya fi kashe injuna: jar fitila mai hoton buta ta kama, a zaro sanda a ga mai a cike, a ce lafiya lau. Sanda yawan man da ke kwance a kaskon ƙasa take nunawa. Fitilar kuwa tana magana ne a kan ko man yana isa cikin hanyoyinsa da ƙarfin da zai raba ƙarfe da ƙarfe.

Ni matsin mai na zaɓa, saboda ta faɗi yadda abin yake faruwa. Famfon mai turo mai kawai yake yi, gwargwadon juyin inji. Abin da geji ke karantawa yana samuwa ne saboda man ya tarar da ƙofofi matsattsu. Tsakanin karanshaf da metal ɗinsa, tazarar ba ta wuce milimita 0.03 zuwa 0.07 ba a yawancin injunan ƙananan motoci. Kamar tiyo ne, ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya yi tsiri, ka saki ya zubo a sanyaye, alhali famfon bai canja ba. Idan metal ya ci tazarar ta kai wajen 0.10 ko ta wuce, man zai riƙa tserewa ta gefe, awon ya faɗi. Kalmar turin mai kuwa famfo kaɗai take nunawa, sai ɗalibi ya riƙa ɗora wa famfo laifi, alhali sau da yawa ba shi ba ne.

Makanike, Maraɗi:
A wajenmu ralanti ake cewa maimakon silo, man gas kuma gazuwal. A sa su a jagorar sau ɗaya domin 'yan Nijar. Matsin mai ta yi mana. Sai dai a rubuta matsin baƙin mai a farkon babi, domin injin gas yana da wani matsin na daban, na man gas da ke zuwa nozul mai fesa shi cikin inji, wanda a sababbin injuna yake haura bar 1,500 a ma'aunin matsi. Yaro ya haɗa su biyun, an shiga uku.

Mai fassara:
Madalla. To Malam, matsin baƙin mai a silo nawa ne daidai? Ana so a sa adadi.

Malamin koyar da kanikanci:
Kada a sa adadi ɗaya a ce shi ne na kowace mota. A fara da ma'auni: bar 1 daidai yake da psi 14.5 ko kPa 100. Da sanyin safiya mai yana da kauri, allurar geji tana iya kai bar 4 zuwa 6 ko a silo, har bawul ɗin rage matsi ya buɗe ya mayar da rarar man. Wannan awon ba ya nuna lafiyar inji. Awon gaskiya sai mai ya yi zafi, digiri 80 zuwa sama, kuma mai yana jinkirin zafi fiye da ruwan lagireto, don haka sai an yi tafiyar minti 20 ko fiye. A lokacin, bar 1 zuwa 2 a silo abu ne da aka saba gani, kuma saukar allura daga 5 zuwa 1.5 ba ciwo ba ne.

Kamfanoni ma sun bambanta. Toyota ta sa wa injin 1HZ na Land Cruiser mafi ƙaranci wajen bar 0.3 a silo, da wajen 2.5 a zagaye 3,000. Volkswagen kuwa a 1.9 TDI tana neman aƙalla bar 2 a zagaye 2,000, mai na digiri 80. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne allura ta tashi nan take idan an taka totur.

Mai wayarin:
A ƙara wannan, Malam. Fitilar dashbod suwic ne kawai, a motoci da yawa sai matsi ya sauka ƙasa da bar 0.3 zuwa 0.5 take kamawa. Rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. Suwic ɗin ma yana lalacewa, wani ya riƙa yoyon mai ta bakin soket, wani waya ta goge ta taɓa bodi fitila ta riƙa ƙyaftawa. Kafin a sauke kasko, a kwance suwic ɗin a ɗaura gejin hannu a raminsa. A lura da zaren: na Toyota 1/8 BSPT ne, na Volkswagen M10×1, in aka tilasta wanda ba nasa ba ramin zai lalace. A karanta a silo, a karanta a zagaye 2,000, a rubuta duka biyun. Masu zare wayar suwic don fitila ta daina damun mai mota, wannan cin amana ne.

Bakanike, Kaduna:
Ga yadda ake karanta sakamakon. Matsi ya yi ƙasa a silo in inji ya yi zafi, amma ya haura da totur: metal ya ci, ko man ya tsinke. A injin gas a fara zargin man. Nozul mai ɗiga yana sa gas ya gangara ta jikin silinda ya shiga kasko, sai ka ga sanda ta haura cikakke ba wanda ya ƙara mai, ka murza a yatsa ka ji shi ruwa-ruwa yana warin gas. A gyara nozul, a yi juye da man da littafin motar ya ce, tsofaffin injuna galibi 15W-40, a sa sabuwar filta, a sake awo.

Matsi lafiya a silo, amma ya faɗi idan an taka: rariyar da ke bakin bututun famfo ta toshe. Ka sauke kasko ka tarar da baƙin dagwalo kamar kwalta, ko gutsattsarin gam ɗin silikon da wani ya lafta wa gasket. Idan kuma ƙasa yake a ko'ina, da sanyi da zafi, a duba bawul ɗin rage matsi ko ya maƙale a buɗe ko sifirin ɗinsa ya karye, sannan a zo kan famfo. Mota mai turbo ba a yi mata jinkiri, turbon ne ke fara ƙonewa idan mai ya yanke. Fitila ta kama ana tafiya, a faka a kashe inji.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An tsaya a kan matsin baƙin mai, a taƙaice matsin mai, da silo, tare da ralanti a ambato na farko. Kan babin zai zama “Awon matsin baƙin mai a silo”. Saura sunan bawul ɗin nan, shin bawul ɗin rage matsi ya isa, ko akwai abin da ake kiransa a gareji?

Malamin koyar da kanikanci:
Ya isa, a bar shi haka. Amma a bambanta shi da wanda ke cikin filta, mai buɗewa idan filta ta toshe ya wuce da mai ba tacewa. Wancan a kira shi bawul ɗin kewaye.