Yadda Excel zai nuna maka manyan kuɗi a cikin jimla

Wasu masu riƙe wa 'yan Kasuwar Barci lissafi a Kaduna sun tattauna yadda za a gane manyan kuɗaɗen da ke kumbura jimlar kashe-kashen wata. Ga abin da aka tsayar.

Shawarar farko ita ce IF, ƙa'idar Excel mai duba ko sharaɗi ya cika. Idan kuɗin suna layin tsaye na B, a rubuta =IF(B2>50000,"DUBA","") a gefe, a ja shi ƙasa; duk kuɗin da ya haura 50000 sai kalmar DUBA ta fito a gefensa. Wani ya ce kada a binne 50000 cikin ƙa'idar, gara a ajiye ta a gida guda kamar E1, a riƙa kiranta da $E$1 (alamar $ na hana ta gocewa idan an ja ƙa'idar ƙasa), tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Wannan ta fi kwanta mini.

Mai son jimlar manyan kaɗai, sai =SUMIF(B2:B40,">"&E1). COUNTIF kuma ya ƙirga su.

An yi gardama kan ma'anar "babba". Wasu suka ce a auna da jimlar kanta: duk abin da ya haura kashi 10 cikin 100 a sa masa ja da Conditional Formatting, wato tsarin Excel mai canza launin gida bisa sharaɗi.

An kuma ja kunne: lambar da aka rubuta da N ta naira a gabanta rubutu ce a wurin Excel, SUM, mai haɗa jimla, zai tsallake ta.