Waɗanda suka bi hanyar tuƙin jirgin sama, ku ba mu labari

Ɗan Kasuwa, Funtuwa:
Assalamu alaikum. Babban ɗana ya gama sakandare bana, kiredit ɗinsa sun cika har da Turanci da lissafi da fizis, kuma ba shi da zance sai na tuƙin jirgi. Kafin in saka fili a kasuwa, ina roƙon waɗanda suka bi hanyar da ƙafarsu su faɗa mana ta ina suka shiga, da abin da kamfanoni ke nema ranar ɗaukar aiki.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya ko sisi sai ka kai shi gwajin lafiya na aji ɗaya wurin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. Za a duba ido da kunne da zuciya. Akwai wani ɗan littafi mai ɗigo-ɗigon launuka da lambobi ɓoye a ciki. A gabana wani yaro mai ƙoƙari ya yi ta kallon shafin bai ga lambar ba, a ranar ya san ba ya bambance ja da kore. Sa tabarau kuwa ba ya hana mutum, in dai yana gyara ganin.

Ni a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya na yi, wadda aka kafa tun 1964. Ana fara zaman aji ne: yanayi, dokokin sararin sama, lissafin hanya, injin. Sannan ƙaramin jirgi kai da malami, har ranar da zai sauka ya ce tashi kai kaɗai. Daga nan lasin PPL na tuƙi ba don kuɗi ba, sai lasin CPL wanda shi ne na neman abinci, tare da shaidar tuƙi da na'urori da ta jirgi mai inji biyu. In hazo ya sauko da hunturu, ɗalibi sai ya yi kwanaki bai tashi ba, don haka a sa haƙuri cikin lissafi. Akwai wata kwalejin a Ilori.

Mai Jiran Rabo:
Baba, ni a Afirka ta Kudu na yi, da kuɗin gida. Na dawo da CPL da awannin tashi wajen 200, na rubuta jarrabawar NCAA aka mayar mini da lasin na Najeriya. A nan ne aikin ya fara. Duk ofishin da na kai takarduna tambaya biyu ce: kana da taif retin? Awanninka nawa? Taif retin horo ne na nau'in jirgi guda, misali Boeing 737 ko Embraer 145, kuma da dala ake biyansa. Kamfani na son mai awanni, awanni kuma ba sa samuwa sai a kamfani.

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, duk shekara ina sabunta takardar lafiya daga albashina don kada lasin ya mutu. Zafin abin shi ne tambayar dangi a wurin biki: "Kyaftin, yaushe za ka ɗauke mu?" Da zuciya ɗaya suke yi, amma mahaifiyata ce ke sunkuyar da kai. Sai da ƙanin mahaifina ya haɗa kuɗin retin sannan aka kira ni gwaji. Shawarata, in kuɗin da ke hannu na CPL ne kawai, a dakata a haɗa na gaba. Ku tuna ɗalibai 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan a 2013: sun dawo da lasin, amma da yawansu sun daɗe a ƙasa saboda wannan retin ɗin.

Tsohon Soja:
Akwai hanyar da ba ta cin kuɗin uba. Ni ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, na shiga, na faɗa sojan sama, muka fara koyon tashi a Kaduna. Yanzu da ƙaramin jirgi Super Mushshak ake fara koya wa yara a can, masu zuwa jiragen yaƙi su wuce Kano. Amma Alhaji ya sani, ba duk wanda ya sa kakin sojan sama ke tuƙi ba, zaɓa ake yi. Kuma yaro zai yi wa ƙasa aiki shekaru, a tura shi inda wuta take. Da na yi ritaya ma sai da na zauna jarrabawar lasin farar hula kamar kowa. Wanda bai son aikin soja don kansa, kada a tura shi don awanni.

Matuƙiya daga Kaduna:
Ban yarda dole sai an biya retin daga aljihu ba. Ni kamfani ne ya biya mini, na sa hannu zan yi musu aiki na wasu shekaru, in na tafi kafin lokaci in biya. A karanta takardar da kyau, a nuna wa lauya. Wasu abokan karatuna kuma koyarwa suka kama a makarantun tuƙi, suna tara awanni ana biyansu.

Kyaftin Mai Furfura:
Na zauna a teburin ɗaukar aiki. Muna buɗe littafin awanni mu ga yaushe rabon yaro da tashi. Turancinsa na rediyo dole ya kai mataki na 4 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Sai simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi: mu kashe masa inji ɗaya daidai lokacin tashi. Ba gwaninta muke nema ba, muna so mu ga ko zai bi takardar matakai, ya yi magana da na kusa da shi, ya karɓi gyara. A nan Najeriya CPL da retin sun isa a zauna kujerar dama ta mataimaki, ta hagu ta kyaftin kuwa sai da babban lasin ATPL, mai buƙatar awanni 1,500 da shekara 21 aƙalla. A Amurka tun 2013 ko mataimaki sai da ATPL, bayan hatsarin jirgin da aka yi kusa da birnin Buffalo a 2009.

Ɗan Kasuwa, Funtuwa:
Allah ya saka da alheri. Ranka ya daɗe Kyaftin, ya fara digiri tukuna, ko ya wuce kai tsaye?

Kyaftin Mai Furfura:
Lasin ba ya buƙatar digiri, Alhaji. Amma nawa ɗan sai da ya yi, domin takardar lafiya duk shekara ake sabunta ta, kuma na ga waɗanda hawan jini ko ciwon suga ya saukar suna tsakiyar aiki. A fara kai shi wurin likita, ka dawo mana da sakamakon.