BMW ko Porsche zan ɗauka ran Asabar?

Ɗan Yantala: Salamu alaikum ƴan uwa. Kulob ɗinmu na Assetto Corsa Competizione, wasan kwamfuta na tseren motoci, ya sa tseren awa ɗaya ta intanet a Monza, filin tsere na Italiya, da motocin tsere ajin GT3. Raina na son Porsche 911, amma abokai sun ce wahala zan sha. Da sitiyarin wasa na G29 nake tuƙi, daga nan Yamai. Me kuka gani?

Tsohon Direba: Ƙanena, bar Porsche tukuna. Injinta a baya yake, in ka saki totur da gaggawa a cikin kwana sai gindin motar ya juyo maka. BMW M4 injinta a gaba, tana da haƙuri, tana hawa dakalin kwanar farko ba gardama. Kuma akwai BoP: ana daidaita nauyi da ƙarfin motocin, tazararsu kaɗan ce. Hannu ne ke cin tsere.

Mai Shayin Plateau: Gaskiya ne yaya. Ni Ferrari 296 nake ja, don muryarta kawai, ban ɓoye ba. Amma duba rezo tukuna, sabar, wato kwamfutar da ke haɗa ƴan wasa, tana Turai. In ya yi rauni, motarka za ta riƙa tsalle gaban mutane, su ce ka buge su.

Ɗan Yantala: Na gode manya. BMW ke nan. Allah ya sa kar a ɗauke wuta.